Fadamar da ke Huci Ranar Asabar

Tsibirin Toste
6 ga Afrilu

Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da gwiwarki da kyanwar nan taki mai raina mutane. Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah. Na daina kiranki a waya, Deolinda. Ran nan na yi minti goma ina ihu ina ba ki labari, ke kuma kina ta tambayata wa ya rasu. Daga yau takarda ce tsakaninmu, duk Lahadi in an taso daga coci.

Kin ce in gaya miki abin da nake yi a gonar Baba tun da hukumar ruwa ta saye ta ta mayar da ita fadama. Gadin ruwa nake yi. Ƙofa biyu ce a hannuna, ɗaya ta shigo da ruwan kogi, ɗaya ta fitar da shi zuwa lambatu. Akwai sanda a kafe da jan zane a jikinta. Aikina ruwa ya tsaya a kan zanen. Shekara arba'in ina korar ruwa daga eka talatin ɗin nan, yau ni ne mai yi masa maraba.

Shugabata wata malamar jami'a ce, Dakta Gwen Nakatani. Ba ta kai kafaɗata ba, amma ta fi ni saurin tafiya kan katako. Duk Laraba take zuwa. Ta kafa hasumiyar ƙarfe a tsakiyar kachala, tsawon mutum uku, da wasu yatsu a samanta masu shaƙar iska dare da rana. Wai suna ƙirga iskar kabon da kachala ke zuƙa daga sama, da wadda laka ke fitarwa.

Na ce, "Mu dai ƙasa muka sani, Dakta. Tun zamanin Baba take sauka. Yanzu in jirgin ruwa zai wuce a kogi sai mun ɗaga kai. Iska ce ke kwashe ta."

Ta ce, "Ba iska ke kwashe ta ba, Baba Amaro. Ita ce ke zama iska. Ruɓaɓɓen kachala ne na dubban shekaru. Da kun busar da ita kun sa garma, sai ta tashi sama. In ta zauna ƙarƙashin ruwa, sabuwa za ta taru a kanta."

Na ce, "To tsakanin mai zuƙa da mai fitarwa, wa ke kan gaba?"

Ta ce, "Sai Oktoba."

A Oktoba hukuma za ta duba awon shekara guda. In fadama ta haɗiye fiye da abin da ta fitar, a bar ta, ni ma a bar ni a gidan kan jinga. In ba haka ba, a tsane ruwa, a ba wani ya shuka masara, gidan ya koma hannunsa. Ban manta alkawarina ba: ranar da aka tsane fadama, zan tattaro in zo wurinki. Amma kada ki yi saurin shimfiɗa.

Ki gaida Fada da matan zumunta.

Yayanki,
Amaro

Turlock
10 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso. Kunnena lafiyarsa ƙalau, kai ne kake magana kamar da tuwo a bakinka tun da aka sa maka haƙoran roba.

Na riga na yi shimfiɗa. Ɗakin ya sha shuɗin fenti, tagarsa na kallon bishiyar lemo, asibiti kuma tafiyar minti biyar ce. Shekararka saba'in da bakwai, Yaya. Kana tafiya kan katako mai santsi a tsakiyar ruwa kai kaɗai, ba mai jin ihunka sai agwagi. Tun da maigidana Gilberto ya rasu nake dafa abincin mutum biyu ina ba kyanwa rabi. Ba na yi wa fadamarka mugun fata, amma ka sani ban kunna mata kyandir a coci ba.

Wani abu ɗaya. Kai da ba ka taɓa iya ganin ruwa kwance a gona ba tare da ka ɗauko shebur ba, wane ne ya ga ya dace a damƙa maka ƙofa?

Ka riƙa sa hula.

Ƙanwarka,
Deolinda

Tsibirin Toste
15 ga Yuni

Auta,

Ina gaisuwa. Na gode da burodi mai zaƙi da kika aiko bayan bikin coci. Wendell Fong ya cinye rabi yana cewa na bara ya fi. Kin san Wendell, tun muna firamare bai taɓa yabon abin da ke bakinsa ba.

Ga labari, amma ki riƙe shi. Kachalar gabas ta fara yin rawaya. Daga bakin ganye take farawa ta gangaro. Na kai Wendell ya gani. Ya tsuguna da ƙyar, ya ce, "Sarkin kwaɗi, ai ko makaho ya san wannan. Ƙafarta ce ta jiƙe."

Na ce, "Abin da na gani ke nan."

Ya ce, "Wace shuka ce za ta yi wata shida tsaye cikin ruwa ba ta shaƙi iska ba? Masara kwana uku take yi ta mutu. Su 'yan jami'a sun san sama, ba su san saiwa ba."

Na ce, "In na gaya mata za ta ce a jira a yi bincike."

Ya ce, "Kafin a gama binciken kana Turlock kana ba kyanwa madara."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. In kachala ta mutu, me zai zuƙi kabon? Saboda haka ranar Alhamis, ƙarfe shida na safe, na rufe ƙofar kogi na buɗe ta lambatu. Kafin Juma'a da yamma ruwa ya sauka inci tara, laka ta fito tana ƙyalli. Na bar ta ta sha rana Asabar da Lahadi. Gobe Litinin da sassafe zan mayar da ruwa, kafin Laraba ya koma kan jan zane kamar ba a taɓa shi ba. Dakta ba za ta sani ba, domin ɓeran ruwa ya gwigwiye wayar na'urar da ke auna zurfi tun watan Mayu, sabuwa ba ta iso ba. Da idonta take duba sanda in ta zo. Ta ce, "Tunda kana nan, Baba Amaro, ba na gaggawa."

Ba ɓoyewa nake yi ba. So nake ta ga kachala ta yi shar, sannan in gaya mata dalili. Da kin ga balbelu ranar Asabar, sun sauka kan lakar nan fari fat, sun fi ɗari biyu. Na zauna kan jinga da kofi ina kallonsu har ya huce.

Yayanki,
Amaro

Tsibirin Toste
3 ga Agusta

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata zafin nan bai dame ki ba. Mu nan iskar yamma na taimakonmu. Wannan makon na buɗe ƙofa Alhamis ƙarfe bakwai, ruwa ya sauka inci goma. Mako na takwas ke nan. Rawayar ba ta ƙaru ba, ba ta kuma ragu sosai ba, amma Wendell ya ce saiwa ba ta warkewa rana ɗaya.

Dakta ce ba ta da walwala. Ran Laraba na same ta zaune a gindin hasumiya da kwamfuta a cinya, ko abincin ranarta ba ta buɗe ba. Ta nuna mini wani zane mai hawa da sauka.

Ta ce, "Dubi nan. Talata, Laraba, Alhamis, fadama na zuƙa kamar yadda ya kamata. Ranar Asabar sai ta kama huci. Lahadi ta fi. Litinin ta lafa. Wata biyu ke nan."

Na ce, "Ko ita ma hutun ƙarshen mako take yi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta zargi masu kwalekwalen inji da ke yawo a kogi ranar Asabar, ta duba, iska ba daga can take zuwa ba. Ta zargi shanun tsibirin da ke kusa. Ta hau hasumiya sau uku ta goge idon na'urar, ta kori gizo-gizo. Ta ce in haka lissafin ya tafi, watanni biyu mafi albarka a shekara sun tashi a banza, Oktoba ba za ta yi mana kyau ba. Yanzu ta aro wata na'urar, mako mai zuwa za ta sauya.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana lalacewa. Tarakta nawa na gani sun haukace ba dalili? Na ba ta tumatir ɗin bayan gida cike da leda. Yarinyar kirki ce, ba na son ganinta haka.

Ki sha ruwa da yawa.

Yayanki,
Amaro

Turlock
6 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ka, domin Mama ta koya mana a fara da gaisuwa ko da faɗa za a yi.

Na shimfiɗa wasiƙunka a kan teburin kicin tun daga na Afrilu. Ka zauna ka karanta wannan a hankali, kamar yadda nake karanta maka takardar asibiti. Kai da hannunka ka rubuto mini cewa Dakta ta ce in ƙasar nan ta bushe sai ta zama iska ta tashi. Kai da hannunka ka rubuto mini, Lahadi takwas a jere, cewa kana busar da ita Asabar da Lahadi. Yanzu kuma ka rubuto kana mamakin abin da ke sa ta huci Asabar da Lahadi. Ni da na tsaya aji takwas na yi shekara talatin ina gwangwanin tumatir a masana'anta na gane, kai da Wendell, manoma biyu masu shekara ɗari da hamsin in an haɗa, ba ku gane ba?

Kachala ba masara ba ce, Yaya. A cikin ruwa Allah ya halicce ta. Kafin kakanmu ya sauka daga jirgi tana nan tsaye cikin ruwa, ba wanda ya buɗe mata ƙofa.

Baiwar Allah tana hawa ƙarfe tana korar gizo-gizo, kai kana ba ta tumatir!

Ka rufe ƙofar nan yau. Ran Laraba ka cire hula ka gaya mata. Na san abin da nake yi wa kaina da wannan wasiƙar, ba sai ka tuna mini ba.

Ƙanwarka,
Deolinda

Tsibirin Toste
17 ga Agusta

Deolinda,

Ina gaisuwa. Na karanta. Na sake karantawa a tsaye. Ban buɗe ƙofa ba tun ranar.

Huci ya tsaya cak. Sai dai ya tsaya ne daidai makon da Dakta ta sauya na'ura, don haka ta ɗora wa tsohuwar laifi. Ta ce dole ta zubar da awon Yuni da Yuli gaba ɗaya, ba za ta kai wa hukuma abin da ba ta yarda da shi ba. Ba tare da su ba kuma, shekara ba ta cika ba.

Na je da niyyar gaya mata. Na cire hula. Sai ta ce, "Abu ɗaya da ban taɓa damuwa da shi ba a aikin nan shi ne ruwa, saboda kai." Na mayar da hulata na ce mata rana ta yi zafi.

Ba zan iya ba, Auta. Gara in bar tsibirin da mutuncina. Ki tambayi ɗan maƙwabcinki Rocha ko motarsa za ta ɗauki kujerar Baba.

Amaro

Jami'a
28 ga Agusta

Zuwa ga Uwargida Deolinda,

Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Sunana Gwen Nakatani, ni ce nake aiki da yayanki a Tsibirin Toste. Ambulan ɗinki ya iso ofishina ranar Litinin, da wasiƙu takwas da takardarki mai layi biyu.

Zan gaya miki gaskiya. Da na karanta ta farko, na tashi na zagaya ginin sau biyu kafin in iya zama. Da na kai ta huɗu, na ɗauko fensir. Yayanki bai taɓa buɗe ƙofar nan ba tare da ya rubuta miki rana da sa'a da yawan incin da ruwa ya sauka ba. Na jera su kusa da awon hasumiya, suka hau kan juna, mako bayan mako. Makon da ya saukar da inci goma, hucin ya fi na makon inci bakwai. Na'urata ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ba abin da zan zubar.

Na shekara uku ina roƙon a ba ni izinin rage ruwa da gangan don in ga abin da zai faru, ana hana ni. Ban ce abin da ya yi daidai ne ba. Ya jawo wa fadama asarar kabon mai yawa, kuma haka zan rubuta a rahoto. Ban san abin da hukuma za ta yanke ba. Amma yanzu ina da abin da zan nuna musu.

Na fahimci daga wasiƙun abin da aiko su zai iya jawo miki. Na gode. Zan dawo miki da su da hannuna, domin ina son ganin kyanwar.

Taki cikin girmamawa,
Gwen Nakatani

Tsibirin Toste
31 ga Agusta

Ke Auta,

Gaisuwa, duk da ba ki cancanta ba. Wasiƙar da mutum ya rubuta wa ƙanwarsa, ita ce za ki aika jami'a? Har da wadda na yi maganar basir ɗina?

Ran Laraba ina bakin ƙofa sai ga ta da takardu a hannu. Daga nesa na gane rubutuna. Na duba hagu na duba dama, ruwa ne ko'ina.

Ta ce, "Baba Amaro, biyo ni." Muka shiga kachalar gabas. Ta yanko kara ɗaya mai rawaya, ta tsaga shi da wuƙa. Ga tsutsa a ciki, fara sol, ta ƙoshi, tana kallona.

Ta ce, "Ga mai laifin. Duk 'yan shekaru take zuwa, ta ci ta tafi. Tun Yuni na gan ta."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Kai me ya hana ka tambaye ni?"

Muna tsaye cikin ruwa har gwiwa. Sai ta ce, "Tumatir! Ina kuka da na'ura kana ba ni tumatir!" Ta fashe da dariya har sai da ta riƙe hannuna kada ta faɗi. Ni ma na yi, amma tawa da hawaye a ciki. Na ba ta haƙuri yadda ya kamata, hula a hannu. Ta ce ta haƙura, da sharaɗi: ranar taron hukuma ni zan tashi in faɗa da bakina.

Na kai wa Wendell tsutsar a cikin kwalba. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Ni dama na ce maka a tambayi Dakta." Da ba don yana dogara sanda ba da na tura shi lambatu.

Ki aiko mini da farar rigar nan da na bari wurinki.

Yayanki duk da haka,
Amaro

Tsibirin Toste
19 ga Oktoba

Auta,

Bayan gaisuwa, ki nemi kujera.

Ranar Alhamis aka yi taron. Mutum bakwai a dogon tebur, da ruwan gora a gaban kowa. Dakta ta nuna zanenta. Ta ce in an haɗa shekarar duka, fadama ta haɗiye fiye da abin da ta fitar, amma da ƙyar, ba abin da za a yi alfahari da shi. Na ga ɗaya daga cikinsu ya fara tattara takardunsa. Sai ta raba zanen biyu, ranakun da ruwa ke kan zane da ranakun da laka ke waje. Ta ce, "Mai ƙofa zai yi muku bayanin na biyun."

Na tashi. Na ce, "Sunana Amaro Fagundes. A gonar nan aka haife ni. Ni na buɗe ƙofa sau takwas, domin na ɗauka kachala masara ce. Kwana biyu kacal nake busar da ita a mako, kun ga abin da ya tashi sama. Ni da mahaifina mun busar da ita shekara tamanin. Ku yi lissafin da kanku, ni ba na so in sani."

Shugabar taron, wata mai furfura, ta cire gilashinta ta ce, "Malam Fagundes, in muka bar ka da ƙofar, za ka sake?"

Kafin in buɗe baki Dakta ta ce, "Zai sake. A eka biyu kawai, ranar da na ce, incin da na ce."

Wendell daga baya ya ɗaga murya, "Ku sa wa ƙofar kwaɗo dai!" Aka kwashe da dariya, har mai tattara takardu.

Shida suka ɗaga hannu. Sun bar mana fadama shekara biyar, Auta. Za su ƙara da gonar maƙwabcinmu Silveira ta kudu. A hanyar dawowa Dakta ta tsaya da ni wurin wani farin yumɓu da ta shimfiɗa a laka don alama shekara biyu da suka wuce, ta yanko ƙasa ta nuna mini. Sabuwar baƙar ƙasa ta hau kansa inci biyu da rabi. Na murza ta a yatsuna. Irin ta Baba ce, har ƙanshin.

Yanzu ki gaya mini. Da kin yi shiru, da yau ina ɗakinki. Me ya sa kika aika?

Yayanki,
Amaro

Turlock
22 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murna. Na karanta a kicin, na yi kuka kaɗan, na wanke fuskata.

Ka tambaye ni dalili. Na san ka shekara saba'in da huɗu. Da ka zo mini da wannan abin a cikinka, da ka zauna a bakin taga ba ka magana har Allah ya ɗauke ka. Ni mai surutu nake so.

Ɗan Rocha zai kawo ni ranar Asabar. Zan yi mako biyu, in wurin ya yi mini in ƙara. Ka share gidan, ka wanke tukwane da sabulu, ka nemo mini takalmin ruwa lamba shida. Ina so in taɓa ƙasar nan da hannuna.

Ƙanwarka,
Deolinda